An ce ina da ciwon hanta nau'in C, ga ciki wata biyar

Maman Ilham, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Na je awo aka ɗebi jinina, sai nas ta ja ni gefe ta ce gwajin ciwon hanta nau'in C ya nuna. Ni kuwa garau nake, ina cin abincina, idona bai yi ɗorawa ba. Surukata har ta aiko da jiƙon shawara a gora daga cikin birni. In sha? Kuma abin da ke cikina zai ɗauka?

Anti Nas, Samaru:
Wa'alaikumussalam. Ajiye gorar nan tukuna, ƙanwata. Hanta ce ke tace duk abin da kika sha, kar ki ƙara mata aiki. Gwajin farko ba abin da yake nunawa sai cewa ƙwayar ta taɓa shiga jikinki, kuma kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kore ta da kansa. Sai an yi na biyu, PCR, mai neman ƙwayar kanta a jini, za a san ko tana nan. Ki nemi a tura ki Shika, asibitin koyarwa na ABU. In ma tana nan, jarirai kamar 6 cikin 100 ne ke ɗauka, sai fa in uwa tana da HIV, nan adadin kan kusan ninkawa. Tiyata ba ta rage haɗarin, kar wani ya firgita ki da zancen aiki. Maganin cutar ƙwayoyin sha ne, irin su sofosbuvir, sati 12, yana warkar da fiye da 95 cikin 100, amma likitoci kan jira a sauka lafiya.

Baban Khalifa, Sabon Gari:
Hajiya, maigida ma ya je a gwada shi. Cutar ta jini take bi: aska, reza, allurar kemis, ƙaho, har masu yankan farce na bakin kasuwa. In wanzami ya zo askin suna, a ba shi sabuwar reza a gabanku. Nau'in C ba shi da rigakafi, na B ne ke da shi, ana yi wa jariri cikin awa 24.

Maman Ilham:
Na gode, Allah ya saka. To Anti, nono fa? Mama ta ce madara za a saya.

Anti Nas:
Ki shayar da abinki, ba ta bin nono. Sai in kan nonon ya tsage yana jini, ki dakata da shi har ya warke. Yaro kuma a gwada shi idan ya kai wata 18, kafin nan alamar jininki ce ke yawo a nasa. Mama kuwa ki tafi da ita Shika ta ji da kunnenta.