Ta yaya zan sa ɗalibai su fahimci darasi a babban aji?

Sabuwar Malama:

Assalamu alaikum, malamai da sauran 'yan uwa. Ina koyar da kwas na share fage ga 'yan aji ɗaya a jami'a, kuma ajin babba ne ƙwarai. Nakan shirya lacca da kyau, in yi bayani dalla-dalla tare da misalai, amma idan na tsaya na ce ko akwai mai tambaya, sai zauren ya yi tsit. Ɗaliban suna rubuta duk abin da na faɗa, wasu har hoton allo suke ɗauka da waya, sai dai ranar jarrabawa, da zarar na ɗan sauya wa tambaya fuska, yawancinsu sai su rikice. Abin yana damuna, domin na san ba basira suka rasa ba. Wace hanya ce aka tabbatar tana sa ɗalibi ya fahimci darasi da gaske, wadda kuma za ta yiwu a babban aji ba tare da kayan aiki masu tsada ba?

Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam, Malama. Irin wannan ce ta sami Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard da ke Amurka. Wajen shekarar 1990 ya yi wa ɗalibansa gwajin da ke auna fahimtar dokokin motsi na Newton, sai ya tarar waɗanda ke warware lissafi mai wuya suna tuntuɓe a tambayoyin da ba su buƙatar komai sai fahimta. Daga nan ya sauya tsarin ajinsa zuwa wanda ɗalibai ke koya wa juna, kuma shi nake ba ki shawarar ki gwada.

Ki yi bayani na kamar minti goma, sannan ki rubuta tambaya ɗaya a allo mai zaɓin amsa huɗu. Kowa ya yi tunani shi kaɗai na minti guda, ya nuna zaɓinsa. Ba sai da na'ura ba: takarda guda da aka ninka huɗu, aka rubuta harafi babba a kowane ɓangare, ta wadatar, domin da kallo ɗaya za ki ga inda ajin ya karkata. Idan kusan kowa ya dace, ki taƙaita bayani ki wuce. Idan kusan kowa ya kuskure, ki sake bayani ta wata fuskar. Idan kuwa ajin ya rabu, wato masu daidai suna tsakanin kashi 30 da 70 cikin ɗari, to ki ce kowa ya nemi na kusa da shi wanda amsarsu ta saɓa, ya yi ƙoƙarin gamsar da shi da hujja cikin minti biyu, sannan a sake zaɓe kafin ki faɗi amsar. Ɗalibin da bai daɗe da gane abu ba yana tuna inda ya cije masa, alhali mu da muka shekara muna koyar da shi mun manta cewa wurin yana da wuya.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan wannan. A shekarar 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 da aka yi a kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci da lissafi, suka ga cewa a azuzuwan lacca zalla kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne ke faɗuwa, a azuzuwan da ake sa su aiki da tunaninsu kuwa kusan kashi 22. Wahalar tana wurin tsara tambayar. Tambayar da za a amsa da hadda ba ta haifar da muhawara, saboda haka ki duba takardun jarrabawar da ta wuce, ki ɗauko kurakuran da suka fi maimaituwa, ki mai da su zaɓin amsoshin da ba daidai ba.

Ɗalibin Digiri na Biyu:

Malama, da izininki zan yi magana daga ɓangaren masu zama a kan benci. Shirun da kike ji ba raini ba ne. Wanda bai gane ba sau da yawa bai ma san abin da zai tambaya ba, wanda ya sani kuma yana tsoron ya buɗe baki a gaban ɗaruruwan mutane a yi masa dariya. Idan malami ya taɓa kunyata ɗalibi ɗaya kan amsar da ba daidai ba, sauran sun ɗauki darasi har ƙarshen zango. Abin da ya fi taimaka mini shi ne malamin da a ƙarshen kowace lacca yake cewa mu rubuta a 'yar takarda, ba tare da suna ba, abu ɗaya da ya fi shige mana duhu, sannan ya buɗe lacca ta gaba da amsa waɗanda suka fi yawa. Da muka ga ana karanta takardun da gaske, sai muka fara rubuta gaskiya.

Sai kuma batun jira. Mary Budd Rowe ta nuna tun a shekarun 1970, a azuzuwan makarantun yara, cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kawai bayan sun yi tambaya, kuma idan suka tsawaita zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi sukan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. A ganina a jami'a ma haka abin yake.

Ki kuma shirya wa ƙorafi. A wani bincike da Louis Deslauriers da abokan aikinsa suka buga a 2019, ɗaliban da aka sa aiki a aji sun fi cin gwaji, amma sun ce suna jin kamar sun fi ƙaruwa a lacca mai daɗin saurare. Don haka ki bayyana musu dalilin sauyin tun makon farko, in ba haka ba za su ɗauka kin ɗora musu aikinki ne.

Sabuwar Malama:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da ya rage mini shi ne manhaja, domin ko da lacca zalla da ƙyar nake kammala ta. Idan na ba tattaunawa lokaci, ina zan sami na sauran darussan?

Tsohon Malami:

Malama, wannan tambayar taki ita ce ta gaskiya, kuma ba zan ɓoye miki ba, lokaci zai ragu. Sai dai ki tambayi kanki ko darasin da kika karanta a gurguje a makon ƙarshe, wanda babu wanda ya fahimta, ya cancanci a ce an koyar da shi. Ki raba manhajar gida biyu. Ma'anoni da jerin sunaye da duk abin da ɗalibi zai iya karantawa da kansa, ki ba su su karanta kafin su zo, ki kuma fara aji da gajeren gwaji mai ɗan maki a kai, domin karatun da ba a tambaya a kansa ba a cika yin sa ba. Lokacin aji ki keɓe shi ga wuraren da ɗalibai ke maƙalewa kowace shekara.

Ina kuma so in ɗan ja hankalin Malamin Kimiyya, don kada a fahimci cewa lacca ba ta da amfani. 'Yan aji ɗaya ba su da tushe tukuna, kuma wanda ba a yi masa bayani mai tsari ba, ba shi da abin da zai tattauna a kai. Bayani mai kyau da misalin da aka warware mataki-mataki a allo su ne farko, tambaya ta biyo baya.

Gajeren gwajin nan da na ambata yana da wani amfanin da ya wuce tilasta karatu. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da suka karanta rubutu sau ɗaya sannan aka riƙa sa su tuno shi daga ka, bayan mako guda sun tuna kusan kashi 61 cikin ɗari, waɗanda suka yi ta maimaita karantawa kuwa kusan kashi 40, duk da cewa bayan minti biyar masu maimaitawar ne a gaba. Saboda haka ki riƙa sa tambaya ɗaya ko biyu daga darussan makonnin baya a cikin kowane gwaji.

Jarrabawarki ma tana buƙatar dubawa, domin ɗalibi yana karatu ne bisa irin tambayar da yake tsammani. Muddin hadda tana kawo maki, hadda za su yi, ko da kin cika aji da muhawara. Ki nuna musu samfurin tambayoyin fahimta tun farkon zango, ki kuma tabbatar irinsu ne za su fito. A wannan zangon kada ki sauya kwas ɗin gaba ɗaya. Ki fara da tambayar tattaunawa ɗaya a kowace lacca, ki adana sakamakon zaɓen farko da na biyu, domin da su za ki gane tambayoyin da za ki riƙe da waɗanda za ki gyara.