Mai ba ƙanwata shawara a New York ta ce a dakata, wai saboda tana Kumasi

Maman Aboabo:
Assalamu alaikum. Ƙanwata a Bronx take zaune, cikin birnin New York. Sun zo hutu da mijinta, Allah ya yi masa rasuwa a nan, yanzu tana takaba a gidansu. Tun a can tana fama da ciwon damuwa, akwai wata ƙwararriya da suke zama ta bidiyo duk Talata. Da ta shaida mata tana Gana, sai matar ta yi mata ta'aziyya, ta ce sai ta koma za su ci gaba. Wata huɗu da kwana goma fa! Yarinya ba ta barci, da dare sai in iske ta zaune kan darduma fitila a kashe. Waya ɗaya ce, manhaja ɗaya ce, kuɗin ma ana cira daga katinta. Me ya hana?

Ɗan Asawase a Ohio:
Allah ya jiƙansa, Hajiya. Kada ki ga laifin matar. A Amurka kowace jiha ke ba da nata lasisin, kuma abin da ake dubawa shi ne inda mara lafiya yake zaune a lokacin da ake magana, ba inda adireshinsa yake ba. Ko New Jersey ta ƙaura, da ke tsallaken kogi, maganar za ta iya tashi. Akwai yarjejeniyar PSYPACT da ta sauƙaƙa aiki tsakanin jihohin da suka shiga, amma ba ta kai ƙasar waje ba. Sannan sau da yawa inshorar aikinsu ba ta ɗaukar abin da ya faru a wata ƙasa. Ki duba kuma, in ƙanwarki ta rikice tsakar dare a unguwar Aboabo ta Kumasi, wa matar za ta kira daga New York?

Nas Zainabu:
Anti, sannu da haƙuri. A nan ma akwai doka. Ghana Psychology Council ce ke yi wa masana halayyar ɗan Adam da masu ba da shawara rajista, a ƙarƙashin dokar 2013, Act 857. Wasu masu rajistar suna zama ta bidiyo, mai takaba ba sai ta fita ba. Ki nemi ganin lasisin kafin ki tura ko sisi ta MoMo, don masu kiran kansu gwanaye sun cika Facebook. Ki roƙi ta New York ta rubuto taƙaitaccen bayanin jinyar, da amincewar ƙanwarki, kada a sa ta faro labari daga tushe. In tana shan magani kuwa, kada ya yanke. Asibitin Komfo Anokye yana da sashen masu wannan lalura, likita ya duba ta.

Baba Tela:
A dage da addu'a, a daina barinta ita kaɗai a ɗaki. Fita ganin likita kuma lalura ce, malamai ba su hana mai takaba ba.

Maman Aboabo:
Na gode, Allah ya saka. Zainabu, maganin da ta zo da shi saura na mako biyu. Da Turanci ta saba zama, amma tun rasuwar nan in ta fara kuka Hausa kawai ke fitowa. In kin san mace mai lasisi da ke jin Hausa, ko a Accra take, ki turo min ta akwatin saƙo.