Wai tsohon Lister zai yi aiki da hayaƙin itace?

Mai injin niƙa:
Salam jama'a, ina da tsohon Lister na niƙa da na gada wajen baba, kuɗin dizal ya ishe ni wallahi, wai da gaske ana tada shi da hayaƙin itace?

Makanike:
Da gaske ne malam, tun yaƙin duniya na 2 Turawa suka tuƙa motoci da shi da fetur ya yi wuya. Itace ake ƙonawa cikin rufaffen durom da iska kaɗan sai ya fidda gas mai cin wuta, amma fa naka ba shi da fulogi, dole ka bar masa ɗan dizal ya riƙa kunna wutar.

Ɗan walda:
Hmm ni na gwada a janareto na fetur ban tace ba, kwalta ta danƙare bawul, washegari ko juyawa ya ƙi. Yi da gawayi ya fi tsabta, ka sanyaya gas ɗin ka tace da garin katako, kuma ƙarfi zai ragu sosai.

Makanike:
Af na manta, a fili za ka ajiye durom ɗin, gas ɗin guba ne, a rufaffen shago kashe mutum yake.