Kilim ɗin ɗakin Inna ya fara ɗigar ruwa da gurnani, in kira mai gyara ne ko in jira?

Maman Ƴan Biyu:
Salamu alaikum jama'a, barkanku da zafi. Don Allah masu sanin harkar kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ku taimaka min. A Sabon Gari muke, kilim ɗin na ɗakin surukata ne, irin mai gida biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, shekararsa 4 da sawa. Wajen sati biyu kenan sanyinsa ya ragu, da in an kunna bayan isha'i kafin a gama hira ɗaki ya ɗauka, yanzu sai ya kwana yana aiki Inna tana fifita. Ga ruwa yana bin bango har fentin ya kumbura, roba na ajiye a ƙasa. Shi kuma na wajen in zai tashi sai ya yi wani gurnani, ƙwan ɗaki ya dusashe, ya yi shiru, sannan ya sake gwadawa. Bara an ƙara mishi gaz, bara waccan ma haka. Maigida ya ce tunda yana hura iska a bar shi sai ya tsaya gaba ɗaya, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, Afrilu muke shiga kuma tsohuwar nan hawan jini gare ta, ba ta iya kwana cikin zafi.

Mai Gyaran Sanyi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Kar ki jira, abu uku kika lissafa kuma ba lallai tushensu ɗaya ba.

Ki fara da wanda ba ya cin ko dala. Kashe shi daga dizonktar, wato makunnin nan da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, ɗaga murfin na cikin ɗaki, akwai raga biyu na roba, ki zaro su ki ɗaga wajen haske. In ba ki hango hasken ta ciki ba to ƙurar hunturun nan ce duka ta zauna, kin san yadda hazo yake mana a Damagaram tun Disamba har Fabrairu, ko ɗaki a rufe sai ta shiga. In ragar ta toshe iska ba ta ratsa ƙarfen sanyin da ke bayanta, sai ya yi ƙanƙara, in an kashe ta narke lokaci guda ta fi ƙarfin kwatar da ke tare ruwan, shi ne kike gani a bango. Wani lokacin kuma tiyon da ke fitar da ruwa waje ne laka ta cushe, ko zanzaro ya yi gini a bakinsa, wallahi na sha cirewa. Ki wanke ragar da ruwa kawai, ta sha iska a inuwa ta bushe. Lokacin ƙura duk sati biyu ya kamata.

Amma maganar da ta fi damuna ita ce ta gaz. Hajiya gaz ɗin kilim ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare, zagaye yake yi cikin bututun jan ƙarfe a rufe, daga ciki zuwa waje ya dawo, shekara goma ma in babu ɓula yana nan. Duk wanda aka ƙara wa sau biyu a jere to yoyo yake, kuma ba a toshe ba. Ki sa yaro ya duba inda bututu biyu suka shiga na waje, wajen notin da aka ɗaure. In ya ga wurin ya yi maiƙo ƙura ta manne baƙi, nan ne, don mai yana biyo gaz ɗin in yana fita. In kuma siririn bututun ya yi fari da ƙanƙara ana tsakar rana, alama ce gaz ya yi ƙasa. Mu kumfar sabulu muke shafawa mu ga inda take tasowa. Kuma ki karanta takardar da ke manne a jikinsa, za ki ga R22 ko R410A ko R32, ba a haɗa wani da wani, kar ki yarda a ɗura abin da ba nasa ba don an ce shi ke akwai a kasuwa.

Gurnanin nan kuwa, galibi kondansater ne ya gaji, wani gwangwani ne da ke tura kompresar, wato injin da ke zagaya da gaz ɗin, ya tashi, in ya kusa mutuwa kansa yakan kumbura. Ko kuma kuran, wato wutar lantarki, ne ke zuwa da rauni, injin an yi shi don 220, in ya faɗo sosai sai kompresar ya ja wuta da yawa ya yi zafi bai juya ba. Kondansater abu ne mai araha, kompresar kuwa kusan shi ne kuɗin injin. Kar kowa ya buɗe wurin da hannu, yana riƙe wuta ko an kashe.

Ƴar Birni:
Yaya ni dai abin da zan ce ki riƙa taɓa soket da wayar bayan ya yi awa ɗaya yana aiki. Namu kwana uku ina jin wani wari kamar ana ƙona leda, na ɗauka maƙwabta ne ke ƙona shara, ashe a bayan labule ne, wanda ya sa mana ya yi amfani da siririyar waya irin ta ƙwai. Ranar da na janye labulen na ga robar soket ɗin ta yi ruwan ƙasa ta lanƙwashe, jikina rawa ya kama yi don nan ƴata take shimfiɗa ta kwanta. Kuma dizonktar ya yi ta faɗuwa kafin nan, mu kuma muna ta mayar da shi muna cewa ya cika tsoro. Yanzu an ja mishi layinsa shi kaɗai da waya mai kauri, wadda ake kira 2,5. Sai kuma in an ɗauke wuta aka maido, ki bari minti 3 zuwa 5 kafin ki kunna.

Tsohon Malamin Lakol:
Ƴata ki gaya wa maigidan naki in ji ni, da mugunyar rawa gara ƙin tashi, ya kashe shi yau har mai gyara ya zo. Ni imidifikater gare ni, mai aiki da ruwa, shi ma yana da alamunsa: in iska ta fara warin rijiya ko ka ga farin gishiri ya daskare a jikin tabarmar da ruwa ke jiƙawa a cikinsa, ko tabarmar ta bushe gefe guda, famfon ciki ne ko ƙananan ramukan suka toshe. In damina ta sauka kuwa sanyinsa raguwa yake don iska ta riga ta jiƙe, ba lalacewa ba ne. Kuma tunda tsohuwa ce, ku tuna da ni in ɗari ya dawo: kaskon gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne farkonta, in mutum biyu suka ji tare a buɗe ƙofa a fita waje nan take.

Maman Ƴan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ciro ragar, subhanallahi kamar bargo, ruwan da na wanke ta ja wur ya fito. Na mayar, iskar ta ƙaru sosai har labule na motsi, ɗigar ma ta ragu. Amma Malam mun duba waje, notin ƙasa ya yi maiƙon nan da ka ce, kuma bayan injin ya cika da ƙura da gashin kaji don kusa da akurki yake. Soket ɗin bai yi zafi ba. Mun kashe shi, Inna ta dawo ɗakina yau. Me zan ce wa mai gyaran don kar a sake yin na bara?

Mai Gyaran Sanyi:
Ki ce ya nuna miki ɓular da idonki kafin ya taɓa kwalbar gaz. Ya yanke bakin bututun ya sake buɗa shi ya ɗaure, ya zuƙe iskar ciki da famfo, sannan ya ɗura. Ya auna kondansater da kuran ɗin gidan da mita, da dare ma in zai yiwu, lokacin da kowa ya kunna nasa. Ya wanke bayan na wajen da ruwa a hankali kar haƙarƙarin ya lanƙwashe, don ta nan zafin ɗakin ke fita. Akurkin kuma Hajiya a matsar da shi.