Sunan Sa'adatu yana karya mini umarni a PHP

Ɗan Birni: Assalamu alaikum, mutanen Damagaram. Shafin rajistar ɗalibai ne: a rubuta suna, a ɗora hoto, sai ImageMagick ya rage girmansa.

`exec("convert hoto.jpg -resize 300x300 '$suna.jpg'");`

Lafiya lau yake tafiya, amma da an rubuta Sa'adatu ko Isma'il sai ya cije. In riƙa goge ƴar alamar (') da ke cikin sunan ne?

Malam Laminu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, gogewa ba magani ba ce. Alamar da ke cikin sunan ita ta rufe wadda ka buɗe, shi ya sa shell, wato manhajar da ke fassara umarnin ta gudanar da shi, ya rikice. Yanzu ɗauka wani ya rubuta `x'; rm -rf ~; '` a gurbin suna. Umarni uku ke nan, kuma na tsakiyar, mai goge fayiloli, zai gudana da ikon www-data, asusun da sabar ke aiki da shi. Haka `$( )` da `|` da `&&`, da zarar an fita daga cikin alamar.

Ka raba hanya da shell gaba ɗaya. Tun PHP 7.4, `proc_open` yana karɓar jeri:

`proc_open(['convert', 'hoto.jpg', '-resize', '300x300', $fita], [], $p);`

Kowane guntu zai isa hannun convert yadda yake, ba mai fassara shi a hanya.

Hajiya Mariama: In sabar tsohuwa ce, `escapeshellarg($suna)`, kuma ka cire alamomin da ka sa da hannunka, shi zai sa nasa. Ban da `escapeshellcmd`, aikinsu ba ɗaya ba. A kula: idan locale ɗin (saitin harshe da haruffa na sabar) ba UTF-8 ba ne, yana zubar da ƙ, ɗ, ɓ, ƴ ba tare da ya yi ƙorafi ba, Ɗanladi ya koma anladi. Sa `setlocale(LC_CTYPE, 'C.UTF-8')` tukuna.

Ɗan Birni: Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Ke nan da jerin an gama?

Malam Laminu: Da saura. Sunan da ya fara da `-` convert zai ɗauke shi zaɓi ne, `../../` kuma zai fitar da fayil daga inda ka tanada. Ni dai shawarata, sunan ɗalibi kada ya kusanci umarnin sam. `bin2hex(random_bytes(8))` zai ba ka haruffa 16, ka kira fayil da su, Sa'adatu kuma ta zauna a rumbun bayanai da alamarta. Sannan ka sabunta ImageMagick: a 2016 an gano ɓarakar ImageTragick, inda abin da ke cikin hoton da kansa yake gudanar da umarni.