Me ya sa ake zuwa awo amma a haihu gida?

Maman Hanifa, Mabera:
Assalamu alaikum. Mata suna zuwa awo, amma da naƙuda ta taso sai a kira ungozoma. Mi ke kawo haka? Kuma yaushe ne zama gida ya zama ganganci?

Malamar Jinya:
Wa alaikumus salam. Awo da rana ake yi, naƙuda kuwa tsakar dare ta fi tasowa: ba abin hawa, maigida ba ya nan balle ya ba da izini, ƙaramin asibitin unguwa ƙila a rufe. Ga kuɗin safar hannu, auduga da magani. Ga kunya, musamman mai cikin fari da ta je goyon ciki gidan iyaye, wadda ake yaba wa in ta yi shiru har ta sauka. Wata kuma tsoron namiji ya karɓi haihuwarta, ko tsawar ma'aikata, ko a ce za a yi mata aiki.

Matsalar ita ce zubar jini ba ya sallama. Rabin lita bayan haihuwa, wato cikin ledar fiyawota ɗaya, ya riga ya wuce ƙa'ida, kuma mace na iya cikawa cikin awa biyu. A asibiti ana yin allurar oksitosin da zarar jariri ya fito don mahaifa ta tsuke. Naƙuda ta haura awa 12, ko mabiyiya ta wuce minti 30 ba ta faɗo ba, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, a fita da ita nan take. Wannan na ƙarshe alama ce jijjiga ke tafe, kuma hayaƙi ba ya yi mata komai.

Baban Sadiƙ, Wamakko:
Malamar Jinya ta faɗi gaskiya. Maza, a ba da izini tun ciki na wata bakwai, a ajiye lambar mai mota da wanda zai ba da jini. Kan jariri in ya daɗe tokare yana danne mafitsara, naman wurin mutuwa yake yi, shi ne yoyon fitsarin da ake gyarawa a Asibitin Maryam Abacha da ke Sakkwato.

Inna Ladi:
In haihuwa ta riske ku gida ba shiri: a 2013 aka fara raba misoprostol, ƙwayar hana zubar jini, da kulohezidin, man shafa wa cibiya, a jihar Sakkwato. Ƙwaya uku ake sha bayan jariri ya fito, an kuma tabbatar ba na biyu ciki. Kada a kuskura a sha don gaggauta naƙuda, yana fasa mahaifa. Cibiya a yanke da sabuwar reza, a shafa man kulohezidin, ban da toka ko man goge baki. Kada a ja igiyar cibiya don fiddo mabiyiya. Mai cikin fari, mai tagwaye, wadda aka taɓa yi wa aiki da wadda ta haura haihuwa biyar, tun farko asibiti za su nufa.