Neman shawara: ɗaliba ta ce Girinlan da Afirka girmansu ɗaya

Mai tambaya, malamin ƙaramar sakandare:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. A makon jiya ina nuna wa 'yan aji ɗaya nahiyoyi a jikin tsohuwar taswirar duniya da ke rataye a bangon ajinmu, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa ake kiran Girinlan tsibiri, Afirka kuma nahiya, alhali girmansu ɗaya?" Na waiwaya na dubi taswirar, kuma lallai idonta bai yaudare ta ba. Na ce mata za mu koma kan maganar ranar Litinin. Ina neman shawararku a kan yadda zan fahimtar da 'yan shekara goma sha biyu ba tare da sun ɗauka duk abin da ke jikin bango ƙarya ne ba. Shin in sauke taswirar, ko in bar ta?

Wani tsohon malamin labarin ƙasa mai ritaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara yaba wa yarinyar a gaban aji, domin shekara da shekaru manya suna wuce wannan taswira ba su lura ba. Faɗin Afirka ya kai murabba'in kilomita miliyan 30 da 'yan kai, na Girinlan kuwa bai wuce miliyan 2.2 ba, wato Afirka za ta haɗiye Girinlan kusan sau 14. Aljeriya kaɗai ta fi ta girma, haka ma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kuma kusan kai ɗaya take da Saudiyya. Taswirar da ke bangonka an zana ta ne bisa tsarin Gerardus Mercator, wanda aka haifa a 1512 a yankin da ke cikin Beljiyam a yau, ya kuma fitar da taswirarsa a 1569 yana zaune a Duisburg ta ƙasar Jamus. Ba don 'yan makaranta ya yi ta ba. Matuƙan jirgin ruwa ya yi wa, domin a tsarinsa idan matuƙi ya ja miƙaƙƙen layi daga wata tashar ruwa zuwa wata, kusurwar da layin ya nuna ita zai riƙe da kamfas har ya isa. Abin da wannan sauƙi ya jawo shi ne kumburar ƙasashen da suka yi nisa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Ni dai ba zan sauke ta ba, sai dai in sama mata abokiyar zama.

Wata malamar firamare:
Malam, ka bar alƙaluman nan zuwa ƙarshen darasi, ka fara da hannu. Ka sayi tanjirin guda biyar ko shida, kada ka karɓi lemon da mai talla ya riga ya fere, domin ɓawon ake bukata. Ka raba yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zana da biro da'ira babba a jikin ɓawon daidai tsakiyar tanjirin da wata ƙarama kusa da hancinsa, sannan su ɓare shi su yi ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon a kan benci ya zama kamar shafin littafi. Na sha gwada wannan: ɓawon yakan tsage ta sama da ta ƙasa, tsakiyarsa ce kawai take kwanciya lafiya. A nan za ka tambaye su, idan ba a yarda a bar giɓi ba, me za a yi? Da kansu za su ce sai an ja shi kamar roba. To, Girinlan tana daidai inda aka fi ja, Afirka kuwa ikwaita ta ratsa ta, saboda haka kusan ba a taɓa ta ba. Bayan haka kowa ya shanye tanjirinsa, kuma darasin da aka sha ba ya saurin fita daga kai.

Wani ɗalibin jami'a:
Da girmamawa ga Baba mai ritaya, ni a ganina a sauke ta. Ko da Mercator bai yi nufin ƙasƙantar da kowa ba, yaron da ya taso yana ganin Turai da Rasha sun cika bango, nahiyarsa kuma ta tsuke, wani abu zai zauna masa a rai. Rasha ba ta wuce murabba'in kilomita miliyan 17 da kaɗan ba, amma a bango ta fi Afirka. Tun a 1973 Bajamushe Arno Peters ya tayar da wannan magana, ya fitar da tasa taswirar, makarantun gwamnati na birnin Boston a Amurka suka fara amfani da irin taswirarsa a 2017, kuma a watan Agustan 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran a koma ga taswirar da ke nuna girman kowace ƙasa daidai.

Wani ma'aikacin safiyo:
Ɗan'uwa, maganarka tana da hujja, amma kada Malam ya gaya wa yara cewa akwai wata shimfiɗaɗɗiyar taswira marar aibu, domin babu ita. Masanin lissafi Gauss ya tabbatar tun 1827 cewa ba a shimfiɗa abu mai siffar ƙwallo ba tare da an lalata wani abu ba. Ta Peters, wadda wani limamin coci ɗan Sikotilan mai suna James Gall ya riga shi zanawa a 1855, ta gyara girma ta ɓata siffa, har Afirka takan fito doguwa kamar rigar da aka shanya jiƙe. Wadda ake kira Equal Earth, ta 2018, ta fi kyan gani, kuma ita Tarayyar Afirka take nuni da ita. Idan akwai masu son lissafi a ajin, Malam, ka gaya musu cewa a digiri 60 arewa kewayen duniya rabin na ikwaita ne, amma Mercator ya ja shi ya yi daidai da ikwaita, ya kuma ja tsawon haka nan don kada siffar gaɓar teku ta lalace. Biyu sau biyu, fili ya ninka huɗu. Girinlan kuwa daga wajen digiri 60 ta fara, ta miƙe har 83.

Wata 'yar'uwa:
Ƙarin bayani kaɗan, Malam. Masanin labarin ƙasa Al-Idrisi, haifaffen birnin Sabta da ke gaɓar arewacin Afirka, ya kammala wa Sarki Roger na Biyu na Sisiliya taswirar duniya a 1154, kuma kudu ya sa a sama. Ka kifa taswirarka na minti ɗaya ka ga yadda yaran za su yi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yanke shawarar barin ta a bango, zan kuma buga Equal Earth a babbar takarda in liƙa kusa da ita. Na binciki sito na samo wata tsohuwar taswira mai siffar ƙwallo da ƙafarta ta karye, kafinta ya ce zai gyara kafin Litinin. Malama, tanjirin shida za su ishi yara hamsin da huɗu, ko in ƙara?